Robar Nuriyya a Firjin Dutse

A garin Aujara, a gidan Malam Zailani mai noman riɗi da zoɓo, mutum huɗu ne. Akwai shi maigidan, da mahaifiyarsa Iyatu wadda kowa ke ce wa Iya, da matarsa Zinariya, sai 'yarsu guda ɗaya, Nuriyya, mai shekara tara. Hatsi bai taɓa yanke musu ba, ga awaki a turke, ga rijiya a tsakar gida. Abu biyu suka rasa. Na farko lafiyar Zinariya, domin tun tana 'yar shekara goma sha uku take da ciwon suga, irin wanda sai da allurar insulin kullum. Na biyu ƙani ga Nuriyya. Sau biyu Zinariya tana samun ciki bayan ita, sau biyu yana zubewa.

Gidan babu wutar lantarki, ita kuwa insulin ba ta son zafi. Saboda haka a cikin wata 'yar tukunyar ƙasa ake ajiye ta, an binne tukunyar cikin yashi a bayan ƙofar ɗaki. Tun Nuriyya na shekara shida jiƙa yashin nan ya zama aikinta, safe da yamma. Ita ce kuma ke riƙe da gwangwanin dabino. Idan ta ga gumi ya tsattsafo a goshin Umma, hannunta ya fara rawa, ta san suga ya sauka, sai ta miƙa mata dabino uku ba tare da an ce mata komai ba.

Nuriyya 'yar fari ce, don haka Zinariya ba ta kiran sunanta, ba ta kuma jan ta a jiki a gaban mutane. “Ke” take ce mata. Wannan bai taɓa damun yarinyar ba, saboda a kwano ɗaya suke cin abinci. Zinariya takan ja layi da yatsa a tsakiyar tuwo, ta ce, “Nan nawa ne, gwargwadon da likita ya ce. Sauran naki.” Daga nan sai hira. Duk abin da ya faru a makaranta a bakin kwanon nan ake jin sa.

Da ciki na uku ya wuce wata huɗu bai zube ba, sai gidan ya cika da murna ta ƙasa-ƙasa, wadda ba a faɗa da baki. A asibitin da Zinariya ke zuwa awo a Dutse aka tambaye ta ko za ta shiga wani bincike da ake yi a kan masu juna biyu. Ta shawarci mijinta, suka yarda. Ranar wata Asabar da hantsi, farar mota ta tsaya a ƙofar gida, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Luba ta shigo da shuɗiyar kula a hannu da fayil a hammata.

Aka shimfiɗa mata tabarma. Ta buɗe kular, sai ga ƙanƙara, ga wasu 'yan robobi biyu masu murfi, kowace da takarda manne an rubuta lamba arba'in da bakwai. Ta yi bayani cikin sauƙin murya cewa ɗan bayan gida kaɗan ake so Zinariya ta sa a roba ɗaya, ɗayar kuma ta ko-ta-kwana ce. Za a bar kular a nan, motar ta zaga wasu ƙauyuka, ta dawo bayan azahar ta ɗauka. Sau uku za a yi haka kafin haihuwa, bayan haihuwa kuma a riƙa karɓar na jaririn.

Iya ta tafa hannu. “Yau na ga abin da ya ishe ni. Mota guda, da direba, da mai, tun daga Dutse, saboda abin da akuya ma ke zubarwa kyauta?”

“Iya, ai da ke ma kina da juna biyu da na karɓi naki,” in ji Luba.

“Rufa mini asiri, 'yar nan. To me kuke nema a ciki? Zinare?”

Luba ta yi dariya, ta gyara zama. “A cikin hanjin kowa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira bairos. Ido ba ya ganin su. Da yawansu ba sa yin komai, wasu ma tare da tattasai da tumatir muke haɗiye su. Wasu kuwa kan kawo zazzaɓi ko gudawa. Shi irin ciwon sugan Zinariya, garkuwar jikinta ce ta juya ta lalata wurin da ke samar da insulin, kuma masana na zargin wasu bairos ɗin suna da hannu wajen tayar da wannan rigimar. Muna so mu ga ko na hanjin masu juna biyu masu wannan ciwon sun bambanta da na waɗanda ba su da shi, kuma ko hakan yana shafar abin da ke ciki.”

Sai ta ɗauki biro ta fara tambayoyi. Ta tambayi ruwan da suke sha, da dabbobin da ke gidan, da abin da ake ci da safe. Daga nan ta zo kan yara.

“Yara nawa ne a gidan?”

“Ɗaya,” in ji Zinariya.

“Tana zuwa makaranta?”

“Boko da islamiyya.”

“Ta yi gudawa ko zazzaɓi a 'yan watannin nan?”

“Da farkon damina ta yi, na kwana biyu.”

“Kuna ci a kwano ɗaya?”

“E.”

Luba ta sa alama a takarda ta wuce tambaya ta gaba. Amma idon Iya na kan biron nan. Ba ta iya karatun boko ba, sai dai ta ga sau huɗu ana maganar jikarta, sau huɗu biro na motsi. Maganar rijiya da ta awaki duk ta manta da su.

Da yamma, bayan motar ta ɗauki kular ta tafi, Iya ta kira ɗanta da surukarta. Ta ce ita ta fahimci abin da likitar ta ji nauyin faɗa. Ƙwayoyin nan daga yara suke fitowa, daga makaranta ake kwaso su, a kwano ake zuba su. Wataƙila ma su ne suka zubar da biyun baya. Daga yau Nuriyya za ta koma ɗakinta da kwana, za a ba ta kwanonta daban, kuma ba ita ba taɓa tukunyar magani.

Zinariya ta sunkuyar da kai. “Iya, ban ji ta ce haka ba.”

“Ke yarinya ce. Su likitoci ba sa faɗa, rubutawa suke yi.”

Malam Zailani ya ce, “Na 'yan watanni ne. A yi yadda Iya ta ce.”

Nuriyya na jin su daga gindin rijiya. Ba wanda ya tambaye ta.

Da farko ta ɗauka abin kwana biyu ne. Amma mako ya wuce, wata ya wuce, tana cin tuwonta ita kaɗai a ƙofar ɗakin Iya, tana hango Umma a can tana ci ita kaɗai. Labaran makaranta suka taru a bakinta har suka daina daɗi. Ita kuwa Iya ba ta iya jiƙa yashi ba. Wata rana ta manta, wata rana ta kwarara ruwa har ya malale ƙarƙashin gado.

“Ba haka ake yi ba,” in ji Nuriyya daga bakin ƙofa. “Yayyafawa ake yi.”

“Ji mini likitar Aujara. Ni da na yi shekara sittin ina sanyaya randa?”

Wanda ke cikin cikin kuwa, kullum sai ƙara samun abubuwa yake yi. Yana da fayil, yana da lamba. Saboda shi Baba ke sayo ƙwai da busasshen kifi ranar kasuwa. Da aka dawo daga awo na wata biyar, har hotonsa aka kawo, wata 'yar baƙar takarda mai santsi, aka maƙale ta a bayan madubi. Nuriyya ta sha ganin Baba ya ciro ta yana kallo yana murmushi, idan ya zaci ba mai ganinsa. Ranar da ta samu ɗakin ba kowa ta shiga ta duba da kanta. Ba ta ga abin murmushi ba. Wani abu ne kamar ƙadangare a cikin hayaƙi. A ranta ta sa masa suna Mai Lamba.

Ta tambayi Iya, “Lokacin da nake ciki, wace mota ce take zuwa?”

“Mota? Ke da a amalanken shanu aka kai uwarki asibitin Jahun?”

“Hotona fa?”

“Wa zai ɓata kuɗinsa? Ai da kika fito muka gan ki, muka ce Allah ya sa ta gyaru.”

Wasa Iya take yi, irin na kaka da jika, da can kuma Nuriyya kan rama har ta fi ta. Ranar ba ta rama ba.

Abin da ya fi ci mata rai ya faru wata Laraba da la'asar. Zinariya na zaune tana tsince zoɓo, Iya na gefenta tana ba ta labarin wani biki. Daga nesa Nuriyya ta ga hannun Umma ya fara rawa, ta ga gumi. Iya ba ta lura ba, tana ta zuba. Yarinyar ta ruga ta ɗauko gwangwanin, ta ciro dabino uku, ta miƙa. Kafin hannunta ya kai, Iya ta warce su, ta tsoma a kofin ruwa ta ɗauraye, sannan ta sa wa Zinariya a baki da hannunta.

“Allah ya kiyaye mana kai,” in ji Iya, tana kallon cikin. Ba ta kalli wadda ta kawo dabinon ba.

Nuriyya ta koma gindin rijiya ta daɗe tana duba tafin hannunta. Ba ta ga komai a kai ba.

Cikin wata na bakwai farar motar ta dawo. Luba ta ajiye kular a inuwar rumfa, ta ce sai bayan azahar. Baba na gona. Zinariya ta yi abin da aka ce, ta sa robar cikin ƙanƙara, ta shiga ɗaki ta kwanta saboda nauyin jiki. Iya ta fita barka a maƙwabta.

Nuriyya ta zauna tana kallon kular. Tunani biyu ne suka zo mata, kuma duka biyun sun yi mata daɗi. Idan nata aka kai Dutse aka duba, za a ga babu komai a ciki, domin ita ta san lafiyarta ƙalau, a nan kuwa za ta fito ta ce nata ne, Iya ta ji kunya. Kuma idan ba a ga komai ba, motar ba ta da dalilin sake zuwa, fayil ɗin Mai Lamba ya rufe ke nan.

Ta buɗe kular ta ɗauki robar ko-ta-kwana, ta zaga bayan gida. Da ta dawo sai ta ciro ta Umma, ta sa tata a gurbin, lamba iri ɗaya, murfi iri ɗaya. Ta Umma kuwa ta jefa ta cikin masai. Ta wanke hannu da sabulu har sau uku. Bayan azahar Luba ta zo ta ɗauki kular, har ta shafa mata kai ta ce, “'Yar gidan Iya, kin yi gadi da kyau.”

Daga ranar ta shiga jira. Duk motar da ta ji sai ta leƙa zaure. Mako biyu shiru, mako uku shiru.

Ranar awo na gaba, gwiwar Iya ta kumbura, Baba kuma na yankan riɗi, wanda ba ya jiran kowa. Zinariya ta ce ba za ta yi tafiyar mota ba tare da wanda ya san alamun saukar suga ba. Iya ta yarda da ƙyar, da sharaɗin kada su sha ruwa a gora ɗaya. Haka Nuriyya ta shiga motar Dutse a karon farko, gwangwanin dabino a cinyarta, kafaɗarta na gogar ta Umma duk sanda motar ta faɗa rami. Ta ga manyan duwatsun da suka hau kan juna, ta ga itatuwan dabino, ta shiga adaidaita sahu. Ba ta yi magana da yawa ba, amma ta so hanyar ta fi haka tsawo.

A asibiti, da aka kira Zinariya wurin likita, Nuriyya ta hangi Luba ta fito daga wani ɗaki. Ta bi ta.

“Anti, ina wuni. Sakamakon Umma ya fito?”

“Wane sakamako?”

“Na robar nan.”

“Au! Ai wannan da saura, 'yar gidan Iya. Zo ki gani.”

Ta kai ta ƙofar wani ɗaki mai sanyi, ta nuna mata wani dogon firji da ya fi ƙofar zaurensu girma. Ta ce ko an ɗauke wuta shi ba ya mutuwa, akwai injin da aka ware masa. Ta buɗe shi kaɗan, hayaƙin sanyi ya fito, Nuriyya ta hangi akwatuna jere cike da robobi. Ta tuna tukunyarta ta bayan ƙofa. Har bayan gidan Mai Lamba da uwarsa yana da injin kansa.

“Nan za su zauna,” in ji Luba, “sai duk matan sun haihu, jariran sun yi wayo, sannan a duba su gaba ɗaya. Shekara uku, ko huɗu.”

“Shekara huɗu?”

“Ko fiye.”

Nuriyya ta yi lissafi. Shekara huɗu tana ci a ƙofar ɗakin Iya. Ta tambaya a hankali, “Idan aka sa na wani a robar wani, za ku gane?”

“Da ido? A'a. Lambar kawai muke bi. Shi ya sa muke roƙon a kiyaye. Idan roba ɗaya ta zama ta wani, za mu faɗi abin da ba haka yake ba a kan mata da yawa, mu da kanmu ba mu san mun yi kuskure ba.” Luba ta rufe firjin, ta juyo ta dube ta. “Me ya sa kika tambaya?”

Yarinyar na iya cewa ba komai, a wuce wurin. Amma ba don a ajiye nata shekara huɗu da sunan wani ta yi abin da ta yi ba.

“Ta wata bakwai ɗin tawa ce,” ta ce. “Ta Umma na jefa ta a masai. Ku duba tawa yanzu, ku rubuta wa Iya takarda cewa ba ni da komai.”

Luba ba ta yi tsawa ba. Ta ja kujera ta zauna, ta sa yarinyar ta faɗa mata komai daga farko: kwanon, da tukunyar, da dabinon da aka ɗauraye. Da ta gama ji sai ta dafe goshi.

“Innalillahi. Tambayoyina ne suka jawo wannan? Wata uku, ba wanda ya gaya mini?”

“Za ki rubuta?”

“Ba zan iya rubuta cewa ba ki da komai ba, domin kina da su.”

Nuriyya ta ɗago da sauri, idonta ya kawo ruwa.

“Tsaya ki ji. Ni ma ina da su. Direbanmu na da su. Iya ma tana da nata, cike da hanji. Babu ɗan Adam mai rai da ba shi da su. Ba ƙazanta ba ce, haka Allah ya yi mu.”

“To a duba tawa ɗin a gani.”

“Taki ba ta cikin binciken. Dole in cire ta a zubar.”

Wannan ya fi komai yi mata zafi. Ta fashe da kuka, tana cewa shi komai nasa ajiyewa ake yi, ita nata zubarwa. Luba ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, “Abin da kika yi ba daidai ba ne, kin sani. Allah ya taimake mu wata na bakwai bai fita ba, za a iya karɓar wata. Amma da bakinki za ki gaya wa Ummanki. Ni kuma akwai tawa maganar da Iya.”

A kan benci, a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, Nuriyya ta gaya wa mahaifiyarta. Zinariya ta saurara har ƙarshe, tana kallon ƙasa.

“Ke,” ta ce, “kin san wahalar da na sha kafin in cika robar nan?”

Nuriyya ta girgiza kai.

“To kin ja mini sai na sake.” Sai ta ƙara da cewa, “Kina zaton wani abu ake ba shi a ciki? Ba a ba shi komai. Sun gaya mini tun ranar farko, ba magani ba ne, ba zai amfane ni ba, shi ma da wuya ya amfane shi. Kafin su gano wani abu ya riga ya yi gudu da ƙafarsa.”

“To don me kika yarda?”

“Don na gaji da tambaya ba mai ba ni amsa. Ina shekara goma sha uku na tambayi me ya kawo mini wannan, aka ce ba a sani ba. Wataƙila wata a gaba ta tambaya a gaya mata.” Ta miƙe da ƙyar, tana dafa bencin. “Tashi mu je, kada motar Aujara ta cika. Babanki kuwa ke za ki gaya masa, ba ni ba.”

Malam Zailani ya yi faɗa sosai, ya ce a gidansa ba a yin ha'inci ko da a kan abin da ba a iya faɗa a zaure. Ya hana ta zuwa wasa mako guda. Iya kuwa cewa ta yi dama ta faɗa, yarinyar nan sai an sa mata ido.

Ranar Asabar Luba ta zo da kular da sababbin robobi. Wannan karon ba ta bi motar zagaye ba, ta ce direba ya je ya dawo. Ta zauna a tabarmar Iya, ta gaishe ta da gwiwa, sannan ta ce ta zo ba da haƙuri, domin ta yi tambaya ba ta yi bayani ba. Ta ce tambayoyin nan kowace mace ake yi wa su, kuma ba a rubuta sunan Nuriyya a matsayin mai laifin komai ba. Abin da ake so kawai a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, babba da yaro, idan kuma wani na gudawa a ware masa kwano har ya warke. Raba 'ya da uwarta ba ya cikin takardar, kuma Zinariya ta fi zama lafiya idan mai gane saukar suganta na kusa.

“Wai har da ni ina da ƙwarin nan?” in ji Iya.

“Har da ke, Iya. Naki ma sun fi na kowa daɗewa a gidan nan.”

“Ji 'yar banza! To su biya kuɗin haya.”

Aka yi dariya, har Zinariya ta rufe baki da mayafi. Iya ta yi ta gunaguni, ta ce zamani ya zo da abin mamaki, amma daga ƙarshe ta ce to, a koma yadda ake, sai dai ita za ta riƙa tsayawa a kan wankin hannun, kuma sau biyu za a yi. Nuriyya na tsaye a jikin ginshiƙin rumfa. Ta zaci za ta ji daɗi fiye da haka. Har yanzu shi ne mai fayil, shi ne mai hoto a bayan madubi, kuma shi za a ci gaba da turo wa mota.

Luba ta fara tattara takardunta. Sai Iya ta kamo gefen rigarta, muryarta ta sauka, babu sauran wasa a ciki.

“'Yar nan, tsakaninki da Allah. In ba yarinyar ba ce, to mene ne ya zubar da biyun can? Shi wannan ɗin, ƙwarin za su taɓa shi? Zai zo da ciwon uwarsa?”

Luba ta ajiye takardun. “Na biyun can ban sani ba, Iya. Wannan kuwa likita ya ce yana lafiya, sugan Zinariya ma yana zaune daidai, a ci gaba da kiyayewa. Yawancin 'ya'yan masu irin ciwonta ba sa ɗauka, ga Nuriyya nan. Maganar ƙwayoyin kuma, gaskiya ba mu sani ba tukuna. Da mun sani da ba mu zo muna tara robobi ba.”

Iya ta saki rigar a hankali. Ta ce, “Allah ya raba lafiya,” ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

Nuriyya ba ta taɓa ganin Iya haka ba. Ta dubi kakarta, ta dubi Umma da ke zaune hannu a kan ciki. A ranar ta gane cewa wanda take kishi da shi bai ƙwace mata komai ba. Manya ne suka tsorata, kuma su ma ba su san amsar ba.